Tura jawabin ɗalibi a waya: saƙo ya isa, darasin fa?

Akwai wata shawara da ake yawan bai wa malaman sakandare a wuraren da babu majigi ko tsayayyar wutar lantarki: ɗalibi ya shirya jawabinsa a PowerPoint, ya tura wa 'yan ajinsu a waya, kowa ya riƙa bi a tafin hannunsa yayin da yake bayani. Idan kai malami ne a Anka, Gummi ko Bukkuyum, shawarar za ta burge ka, kuma tana da hujja.

Hujjar ita ce turawar ba ta buƙatar sabis. Xender na mayar da waya ɗaya ƙaramar tashar Wi-Fi, ɗayar ta haɗu da ita kai tsaye, ba tare da data ba. Bluetooth ma haka yake, a tazarar kamar mita 10. Duk wanda ke Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, ya san darajar abin da ke aiki babu sabis.

To ina matsalar? Tana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar bayani. Ma'ajiyar tunani ta ɗan lokaci ba ta da faɗi. Nelson Cowan ya ƙiyasta a 2001 cewa abubuwa kamar huɗu take riƙewa a lokaci guda. Gwaje-gwajen Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya sun nuna cewa idan aka haɗa wa mai koyo hoto da murya, sannan aka ƙara masa rubutun abin da muryar ke faɗa, fahimtarsa kan ragu. Ido na karatu, kunne na saurare, dukansu kalmomi ne, sai su yi cunkoso. Yanzu ka duba ajin: kowa ya sunkuyar da kai, wani ya kai shafi na bakwai alhali mai jawabi yana na biyu. Yaro yana ta magana, babu mai kallonsa. Ai dama amfanin tsayar da shi gaban aji shi ne ya yi bayani da bakinsa, a yi masa tambaya, ya kare abin da ya faɗa.

Na'ura ita kaɗai ba ta koyarwa. A Peru an raba wa yara kwamfutoci ƙarƙashin shirin One Laptop per Child. Binciken da aka fitar a 2012 kan makarantu 319 bai ga ƙaruwa a makin lissafi ko na harshe ba. Sai kuma tambayar da kai ka fi kowa sanin amsarta: yara nawa ne a ajinka ke da babbar waya, kuma nawa ne mata a cikinsu? Idan darasi ya koma cikin waya, marar waya ya zama ɗan kallo.

Ɗauki misali na gida. A ce ɗaliba za ta yi jawabi kan gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Hoto ɗaya ya ishe ta: injin niƙa da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gari. Sauran ta faɗa da baki: yadda ƙurar ke sauka a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki, dalmar ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. A nan waya ta yi rana, domin alli ba zai zana wannan hoton ba. Amma da ta tura shafi goma cike da rubutu, da an karanta an wuce ta.

Saboda haka idan za ka gwada, ka sa ƙa'ida. Hoto ko zane kawai a lokacin jawabi, kada ya wuce uku. Waya ɗaya ga yara biyar ko shida, a kife ta da zarar an gani. Cikakken rubutun a tura bayan an gama tambayoyi, marasa waya su kwafa a littafi. Maki kuma ka bayar kan bayani da amsa tambaya, ba kan kyan shafi ba.