Gwanintar Da Ke Cikin Ƙyallen Wuyan Jariri

Jariri yana cika wata biyu zuwa uku sai bakinsa ya fara kawo ruwa. Kafin nan yawunsa kaɗan ne. Daga wannan lokaci yawun yana ƙaruwa, shi kuwa bai iya haɗiyewa a kan kari ba, leɓɓansa ba su saba rufuwa ba, kuma babu haƙoran gaba da za su tare. Sai yawun ya bi haɓa, ya gangara wuya, ya jiƙe gaban riga. Wasu yaran sai sun doshi shekara biyu dalalar take ɗaukewa. A tsakanin nan ga tumbuɗi bayan shan nono, ga kunu da fate in an fara ba shi abinci. Duk wannan a wuri ɗaya yake sauka, tsakanin haɓa da cibiya, kuma abin da aka tanada ya tare shi ɗan ƙyalle ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, wanda masu sayar da kayan jarirai ke kira bib.

Raina kama ka ga gayya. Mata biyu ne ke riƙe da sanin wannan ƙyalle: mai ɗinkin da ta yanka shi, da uwar da ke ɗaura shi. In ɗaya ta yi sakaci, aikin ɗayar ya tashi a banza.

Gwanar mai ɗinki ba ta ɗaukar almakashi sai ta yi tambaya. "Maman yaro, watansa nawa? Na yawu kike so ko na cin abinci?" Dalilin tambayar shi ne aikin biyun ya bambanta. Na yawu gajere ne, aikinsa shanye ruwa, yana kuma daɗewa a jikin yaro, don haka dole ya zama mai laushi mara nauyi. Na cin abinci dogo ne mai faɗi, yana rufe kafaɗu har zuwa cinya, ana ɗaura shi na ɗan lokaci a cire.

Daga nan sai zaɓen yadi, kuma a nan rabin aikin yake. Ko a kasuwar Kantin Kwari ta saya, ko cikin ragowar yankan atamfa ta tsinto, akwai gwajin da ba ta tsallakewa. Takan ɗiga ruwa a kan yadin ta zuba ido. In ɗigon ya nutse nan take ya bazu, yadin zai yi. In ya tsaya yana sheƙi yana mirginawa, haka yawun yaro zai mirgina ya wuce cikin riga. Idan tana shakkar ko auduga ce zalla, sai ta zare 'yan silin zare daga gefe ta kai su bakin ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Zaren roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Ba ta yanka sabon yadi sai ta wanke shi ta shanya, saboda sitacin da masaƙa ke sa masa yana hana shi shan ruwa, kuma auduga takan tsuke a wankin farko. Wadda ta yanka ba ta wanke ba za ta ga wuyan ya matse, gefen ya murɗe, tun kafin yaron ya more shi.

Ƙyallen kirki hawa biyu ne ko uku. Na sama auduga mai laushi, wadda ba za ta goge haɓa ba. Na tsakiya yadin tawul, domin zarensa da ya taso a lanƙwashe yana riƙe ruwa fiye da shimfiɗaɗɗen yadi. Na ƙasa shi ne shafi, wato yadin da ke kwanciya a kan rigar yaro. Ga ɗan hunturu takan sa shafi na yadin rigar sanyi mai gashi-gashi, wanda ba ya shan ruwa, don damshin ya tsaya a sama ƙirji ya zauna a bushe. Ga ɗan bazara kuwa takan rage hawa, ta bar auduga da siririn tawul, don kada a tare yawu a jawo ƙurajen zafi. Leda ko roba mai tauri ba ta shiga ɗinkinta. Tana hana iska, tana tara gumi, kuma in ta kwana biyu sai ta fara tsattsagewa yaro yana tsotsa. A shekarar 2007 hukumar da ke lura da ingancin kayan masarufi a Amurka ta gargaɗi iyaye su jefar da irin wannan bib na roba da zarar ya fara ɓarewa, saboda an samu gubar dalma a cikin waɗansu. Wanda ya ji labarin yaran Zamfara da gubar dalma ta kama a 2010 ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da dalma ke yi wa ƙananan yara.

Yanka kuwa da kwali ake fara shi. Takan ninka kwalin biyu, ta zana rabin siffar da alli, ta yanke, sai ta buɗe: hagu da dama sun fito daidai ba tare da ta auna sau biyu ba. Na yawu faɗinsa kamar inci 8 ne, tsayinsa kamar inci 11, sai ta ƙara rabin inci a zagaye don cin ɗinki. Ta haɗa yadukan fuska da fuska, ta kafe su da fil, ta hau keke. Ku lura da ita a wajen lanƙwasar wuya: ƙafarta na sassauta taki, hannun hagu na juya yadin a hankali, allura na bin layin alli ba ta kauce ba. Ba ta rufe zagayen duka. Takan bar ƙofa mai faɗin yatsu uku a gefe. Kafin ta juya, sai ta bi duk inda ɗinkin ya lanƙwasa da bakin almakashi tana yin ƙananan tsaga, kusa da zare amma ba ta taɓa shi ba. Wannan tsagar ce ke sa wuyan ya kwanta lif idan an juya. Mai gaggawa da ta ƙi yin ta, nata wuyan zai tattare ya yi tudu, tudun kuma shi zai riƙa gugar fatar yaro. Sai ta zaro cikin ta wannan ƙofar, ta turo kusurwoyi da bayan fensir, ta danne da dutsen guga, sannan ta bi bakin da ɗinki na biyu wanda zai rufe ƙofar, ya kuma hana tawul ɗin ciki dunƙulewa a wajen wanki. In za ta yi wa bakin kalmasa da wani yadin daban, a karkace take yanko shi, domin yadin da aka yanka a karkace yana miƙewa ya bi lanƙwasa ba tare da ya yi ƙunci ba.

Saura abin ɗaurewa. Igiya ita ce ta dā, kuma gwanaye sun fara barin ta, saboda igiya a wuyan yaro mai birgima ganganci ne. Akwai maɗaurin nan mai fuska biyu da ake mannawa a ɓare, wato Velcro, wanda wani injiniya ɗan Switzerland, George de Mestral, ya ƙirƙiro bayan ya ga yadda 'ya'yan wata ciyawa irin ƙarangiyarmu ke maƙale wa tufafinsa da gashin karensa a 1941. Yana da sauƙin sawa da hannu ɗaya, kuma in ƙyallen ya sarƙe da wani abu yakan ɓalle da kansa. Amma yana kwashe zare a wanki, yaron da ya yi wayo yana fizge shi, kuma ɓangarensa mai kaushi na iya karce ƙeya. Saboda haka mai ɗinki takan zagaye kusurwoyinsa, ta juya kaushin ya kalli waje. Wasu sun fi son maɓallin da ake dannawa ya kama. Shi kuma takan sa guda biyu a jere don wuyan ya bi girman yaro, ta ja shi da ƙarfi ta tabbatar ba zai cire ya faɗa baki ba. Dutse mai ƙyalli, ɗan kwalliyar fure da duk abin da ake liƙawa da gam, ba ta yarda da su ba ko da mai kayan ta roƙa.

Daga nan aiki ya koma hannun uwa. Abu na farko shi ne awon wuya, kuma ma'auninsa yatsunta ne. Ta ɗaura, ta zura yatsu biyu tsakanin ƙyallen da wuyan yaro. In sun ƙi shiga, ya matse. In sun shiga suna yawo, yawu zai bi ta gibin ya taru a ninkin wuya, an yi ba a yi ba ke nan.

Abu na biyu shi ne sanin lokacin canji, kuma a nan ake gane wadda ta iya. Ƙyallen da ya jiƙe sharkaf ya fi babu illa. Yawu ba ruwa zalla ba ne, yana ɗauke da sinadaran da ke fara narkar da abinci, kuma in ya daɗe a kan fata mai taushi sai ta yi ja ta saɓule. A hunturu ga wata matsalar: iska na busar da damshin, tana janye ɗumin ƙirjin yaro tare da shi. Uwar da ta san aikinta tana cikin hira ko tsintar shinkafa za ka ga ta kai bayan hannu ta taɓa ƙyallen. Da ta ji sanyi sai ta ɓalle, ta ɗaga haɓar yaron, ta buɗe ninkin wuyan ɗaya bayan ɗaya, ta dangwala busasshen ƙyalle ba tare da gogawa ba, ta shafa ɗan man kaɗanya ko basilin ya zama shamaki tsakanin fata da yawu, sannan ta ɗaura sabo. Yaron da ke tsakiyar dalala yana iya jiƙa rabin dozin kafin magariba. Wadda ta ɗaura ɗaya da hantsi ta bar shi har la'asar saboda ya dace da launin riga, ita ce za ta zo tana cewa yaron ya cika rigima, alhali wuyansa ke masa raɗaɗi. In jan ya ƙi tafiya, ko ya fara wari ko tsattsafo da ruwa, wannan ya wuce aikin ƙyalle, sai asibiti.

Wannan uwar ta kuma san yadda ake karanta yawun kansa. Da an ga dalala sai a ce, "Ai haƙori ne, a nemo masa magani." Alhali yawancin yara sai wajen wata shida haƙorin farko ke ɓullowa, watanni bayan yawun ya fara, kuma haƙoran nono guda 20 ba sa kammala fitowa sai wajen shekara uku. Dalala ba ciwo ba ce. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 gwamnatin Najeriya ta sanar da mutuwar yara 84 da aka bai wa wani gurɓataccen maganin haƙori mai suna My Pikin. Zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa na likita ne, ba a jingina su ga haƙori. Yawu shi kaɗai kuwa busasshen ƙyalle yake bukata.

Abu na uku doka ce da ba ta da sassauci: ba a barci da ƙyallen wuya. Zai iya juyawa ya rufe hanci, ko ya sarƙe ya shaƙe. Mai hankali takan haɗa da goyo a cikin dokar, tunda yaro a baya barci yake yi kuma idonta ba ya kansa. Sai ta cire ƙyallen kafin ta ɗora shi, ta shimfiɗa a kan rigarta inda bakinsa zai kwanta, sannan ta ja zani ta ɗaura majanyi. "Ke 'yar nan, cire masa abin wuyan nan tukuna," in ji kakarsa, in ta ga za a manta.

Idan yaro ya cika wata shida, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara haɗa masa abinci da nono, sai babban ƙyalle ya fito. Ta zaunar da shi tsaye a cinyarta, ta ɗaura, ta baza ƙasan ya rufe gwiwoyi. Wasu na zamani da ake yi da roba mai laushi ta silikon suna da aljihu a ƙasa da ke tare abin da ya zubo, a ɗauraye a goge nan take. Sun dace da cin abinci, amma ba sa shan yawu, don haka ana gamawa ake cirewa. Amfanin wannan ƙyalle ya wuce kare riga. Uwar da ba ta fargabar ɓacin kaya takan bar yaro ya cusa hannu a faten dankali, ya damƙi ayaba, ya kai baki ya kuskure ya sake, kuma ta haka yake koyon ci da kansa.

Wanki shi ne zagayen ƙarshe. Tabon nono da na ƙwai da ruwan sanyi ake fara ɗauraye su, domin ruwan zafi dafa su yake yi su kama zare. Tabon manja sai a goga sabulu a kansa tun da ɗanyensa, a wanke, a shanya a rana sosai, rana ce ke cinye jan. Ba a dunƙule jiƙaƙƙe a jefa kwando, kwana ɗaya ya isa ya yi fumfuna. A ɗauraye har sai kumfa ta ƙare, don ragowar sabulu ma tana cin fata. A shanya a igiya, ba a ƙasa ba, sannan a bi shi da guga mai zafi ciki da waje, saboda akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a tufafi masu damshi, tsutsarsa ta huda fata ta yi maruru, zafin guga kuwa yana kashe ƙwan.

Saboda haka mai shirin kai kayan barka ya yi wa mai jego tunani. Rigar leshi mai tsada sau biyu za a sa ta, ranar suna da ranar hoto, yaro ya fi ƙarfinta. Dozin ɗin ƙyallen wuya na auduga daga hannun mai ɗinkin da ta san abin da take yi zai yi aiki kullum har a yaye yaron, ƙaninsa ma ya gada.