Daga Gandoki Zuwa Wayar Hannu: Jaruman Ƙagaggun Labarai a Rahar Intanet

1.0 Gabatarwa

Akwai ƙorafin da ake yawan ji cewa matasa sun mayar da jaruman tsofaffin littattafan Hausa abin wasa a intanet. Wannan takarda za ta auna wannan ƙorafi, ta hanyar duban littattafai biyu da kuma halin da mai jin Hausa yake ciki a Zangon Lome ta ƙasar Togo.

2.0 Tushen Rahar

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga cikin waɗanda suka fito akwai Gandoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam. Duka biyun labaran tafiya ne zuwa duniyar aljannu, sai dai salonsu ya bambanta. Gandoki jarumi ne mai kirari da cika baki, wanda ya yaƙi Turawa tare da mutanen Kwantagora kafin ya faɗa ƙasashen aljannu da ɗansa Garba Gagare. Shi kuwa Alhaji Imam, tauraron Ruwan Bagaja, ba ƙarfi ya fitar da shi ba, wayo ne, kuma rabin labarin duk ramuwar gayya ce tsakaninsa da Malam Zurƙe.

Ke nan yi wa jarumi dariya ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Imam da kansa ya fara. Matashin da ya ce aikin gwamnati ya zama ruwan Bagaja, ko ya kira abokinsa mai cika baki Gandoki, bai kauce wa turbar da marubutan suka shimfiɗa ba.

3.0 Hoto da Suna

A ƙasashen Turai da Amurka an ga irin wannan game da littafin Tolkien, The Lord of the Rings (1954 zuwa 1955). Amma rahar ba ta bazu a intanet ba sai bayan finafinan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003. Fitaccen misali shi ne hoton Boromir yana gargaɗi kan wuyar shiga ƙasar Mordor, wanda ake sauya wa kalmomi don a nuna wuyar kowane irin aiki. Furucin na fim ne, ba na littafi ba. Wato a can hoto ne ya ɗauki rahar.

A Hausa kuwa suna da murya ne suka fi ɗaukar ta. Gandoki ba shi da wata fuska guda da kowa ya sani, sai sunansa da halinsa. Littattafan kansu suna yawo a zaurukan Facebook da WhatsApp, ana kuma karanta su da murya a YouTube, kamar yadda ake yi wa Magana Jari Ce.

4.0 Zangon Lome

A nan ne batun ya shafi Hausawan Togo. A shekarar 1977 hukuma ta tashi tsohon Zangon Lome daga tsakiyar gari, aka mayar da mutanensa yankin Agoè da ke arewa, inda unguwar Asiyeye take. Yaron wannan yanki yana jin Hausa a gida da kasuwa, amma da Faransanci yake karatu, harsunan ƙasa da gwamnati ta ɗauka kuwa su ne Ewe da Kabiye. Ɗalibin Kano ko Katsina yana iya haɗuwa da Gandoki a aji. Takwaransa na Agoè ba shi da wannan aji. In sunan ya iso masa, ta baki ko ta waya zai iso.

Wannan yana da amfani, domin mai sauraro ba ya bukatar sanin ƙa'idojin rubutun boko. Yana kuma da illa. Wanda ya san Gandoki a matsayin laƙabin mai cika baki kawai, ya rasa abin da ya fi nauyi a littafin: labarin mutumin da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka kuma buga shi a hukumar Turawan, kimanin shekara talatin kacal bayan yaƙin Burmi na 1903. Mai karatu ne kaɗai zai ga yadda marubucin ya lallaɓa tsakanin yabon jarumi da lallashin masu mulki a ƙarshen labarin.

5.0 Kammalawa

An ga cewa raha ba ta rage darajar waɗannan littattafai, domin da ita aka gina su. Haɗarin shi ne suna ya rabu da labarinsa. Don haka ana son ɗalibi ya tattara misalai biyar na amfani da sunayen waɗannan taurari a zaurukan sada zumunta, ya koma ga littafin, ya nuna abin da rahar ta riƙe da abin da ta zubar a kowane misali.