Blue Lock: Koci Ego Bai Kalli Lukaku Ba

Duk wanda ke da ƙane a Sabo ya ji sunan Isagi, ko da bai san daga ina ya fito ba. Jarumin katun ɗin Japan ne mai suna Blue Lock, wanda Muneyuki Kaneshiro ya rubuta labarinsa, aka fara haska shi a 2022.

Labarin ya tashi ne daga fitar da Japan a Kofin Duniya na 2018. Wani koci, Ego Jinpachi, ya ce abin da ya kayar da su shi ne yawan haɗin kai: kowa na ba da fasin, babu mai son kai da zai buga raga. Sai ya tara matasa 'yan wasan gaba 300 a wani gini mai kama da kurkuku, domin a tace a fitar da mutum ɗaya tak. Wanda aka kora ba zai taɓa buga wa ƙasa ba. Isagi kuwa ya shiga da ciwo a rai, don ya taɓa ba da fasin a gaban raga, abokinsa ya ɓarar, aka fitar da makarantarsu.

Wajen alamu kam sun iya. Har abinci ma da matsayi ake raba shi, Isagi yana na 299. Bachira yana da "dodo" a cikinsa mai gaya masa inda zai kai ƙwallo, kuma ba a daɗe ba mai kallo zai gane dodon nan kaɗaici ne kawai, yaro ne da ya rasa abokin wasa. Amma wadda ta fi tona asirin katun ɗin ita ce ta Isagi: duk lokacin da ya yi tunani sai a nuna gutsattsarin hoto suna haɗuwa. To gutsattsarin nan su wane ne? Ai sauran 'yan wasa ne. Baiwarsa ita ce karanta inda kowa yake a fili. Cire masa Bachira da Nagi ka ga in zai ci ko ɗaya. Bakin Ego yana wa'azin son kai, zanen yana nuna akasin haka, kuma ina ganin zanen ya fi gaskiya.

Damuwata yaranmu jawabin suke haddacewa. Ka je fili da yamma ka ga yadda ake rigima kafin a samu mai tsaron raga.

Sannan a koma ga wasan da aka gina labarin a kansa. Japan ta ci Beljiyam biyu, aka rama, aka ƙara mata ta uku a mintin ƙarshe. Courtois ya mirgina wa De Bruyne, shi ya ba Meunier, Meunier ya kwaso ta gaban raga. Lukaku, lamba tara sukutum, yana wurin. Ya bar ƙwallon ta wuce shi, Chadli ya zura.