Tafiyar da Ba ta Ƙare Ba: Jigon Gyaran Kai a Shaihu Umar da The Alchemist ta Fuskar Hausawan Dindir

1.0 Gabatarwa

Akwai wani rukuni na ƙagaggun labarai da ya yi kasuwa a duniya tun daga ƙarshen shekarun 1980, wanda a wannan takarda za a kira shi labaran gyaran kai. Marubucin irin wannan labari yakan ɗauki tauraro guda, ya raba shi da gida, ya haɗa shi da wani dattijo a hanya, sannan ya riƙa sanya nasihohi a bakin dattijon domin mai karatu ya ɗauka ya yi aiki da su a rayuwarsa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne The Alchemist na Paulo Coelho, mutumin Barazil, wanda ya fito da harshen Fotugis a 1988. Akwai kuma The Monk Who Sold His Ferrari na Robin Sharma (1997), labarin wani lauya da ciwon zuciya ya kayar a kotu, ya sayar da abin da ya mallaka ya tafi duwatsun Himalaya neman natsuwa.

A rubutun zube na Hausa, littafin da ya fi kusa da wannan rukuni shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin R. M. East. Wannan takarda za ta kwatanta shi da littafin Coelho, sannan ta auna su duka biyu da tarihin wasu mutane da suka yi irin wannan tafiya da ƙafafunsu, wato Hausawan da ke zaune a ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu da kogin Dindir a ƙasar Sudan. Tambayar da ake son ɗalibi ya riƙe ita ce: wane matsayi waɗannan labarai suka ba matafiyin da bai isa inda ya nufa ba, bai kuma koma gida ba?

2.0 Mutanen da aka ɗauka ma'auni

Kogin Dindir yana gangarowa ne daga tsaunukan Habasha ya zuba a Shuɗin Nilu, kuma garin da ke ɗauke da sunansa yana cikin Jihar Sinnar. Hausawan wannan yanki galibinsu jikokin mahajjatan ƙasa ne, waɗanda a ƙasar Hausa ake kira takari, a Sudan kuwa akan haɗa su da Fulani da Barebari a ce Fallata. Hanyar da suka bi sananniya ce: Kano, Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan, sannan a tsallake Nilu a nufi Suwakin domin shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Babbar ƙaurar da tarihi ya fi riƙewa ita ce ta 1903. Bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ya kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, sai buƙatar 'yan ƙwadago ta ƙara tsayar da mahajjata a wurin.

Wani abu da ya kamata a lura da shi shi ne, tsayawa a hanya a yi sana'a yana da tushe a fiƙihu. A mazhabar Malikiyya, wanda zai iya tafiya a ƙasa kuma yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya ana ɗaukarsa mai ikon zuwa hajji, ko da ba shi da guzuri a hannu. Saboda haka mutum yakan yi noma damina biyu a Wadai, ya yi ɗinki ko wanzanci a Kurdufan, ya tsinci auduga a Jazira, duk da niyyar tara kuɗin jirgi. Wasu sun tara sun wuce. Da yawa aure da haihuwa da bashi sun riƙe su. C. Bawa Yamba (1995), a littafinsa Permanent Pilgrims, ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunnen waɗannan mutane, waɗanda a Sudan aka haife su, suna kiran kansu mahajjata masu kan hanya. Al-Amin Abu-Manga (1999) kuwa ya yi nazarin yadda Hausarsu ta cuɗanya da Larabcin Sudan.

3.0 Zubin labaran biyu

Zubin The Alchemist da'ira ce. Santiago, makiyayin tumaki a Andalus, ya yi mafarkin wata taska a gindin dalar Misira. Ya sayar da tumakinsa ya tsallaka Tanja ta ƙasar Maroko, aka sace masa kuɗi, ya yi aiki a shagon wani mai sayar da kayan ƙarau, ya bi ayari ya ratsa hamada, ya haɗu da malamin da ya san sirrin mayar da dalma zinariya. A ƙarshe ya gano cewa taskar tana binne a kangon cocin da ya kwana a ciki tun farkon labari. Wannan ƙashin labari tsoho ne, domin hikayar mutumin Bagadaza da ya yi mafarkin dukiya a Alƙahira tana cikin Alfu Laila, tana kuma cikin Masnawi na Jalaluddin Rumi. Abin da Coelho ya ƙara shi ne darasin cewa kowane mutum yana da wani buri da aka halicce shi dominsa, kuma idan ya ƙudure a kansa duniya za ta taimake shi.

Shi ma Shaihu Umar da'ira ce, sai dai daga ƙarshe aka fara. Mai karatu yana tarar da Umar ya riga ya zama shaihi a Rauta ta ƙasar Bauci, almajirai kewaye da shi, sai ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi asalinsa. Daga nan ya warware: haihuwarsa a Kagara, auren mahaifiyarsa da Makau, makircin fadawa da ya sa aka kori Makau, sace shi da aka yi yana yaro, zuwansa Kano, da yadda Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗa ya kai shi Ber Kufa inda ya yi karatu. Wannan dabara ta sa malami ya ba da labarin kansa ga almajirai ita ce ta fi kusantar da littafin ga labaran gyaran kai, domin tun shafin farko an gaya wa mai karatu cewa ga irin mutumin da ake so ya zama, saura kuma hanyar da aka bi aka kai can.

Bambancin yana wurin abin da kowane tauraro ya koma da shi. Santiago ya koma ya haƙo zinariya. Umar ya rasa mahaifiya, ya rasa ubangidansa da ayarinsu a guguwar hamada, ya shigo ƙasar Hausa da ilimi da haƙuri kawai. Ta wannan fuska Ɓalewa ya fi Coelho gaskiya, kuma ya fi dacewa da tunanin Bahaushe, wanda ke cewa kowa ya yi haƙuri shi ke samun riba, ba tare da ya yi alkawarin cewa ribar kuɗi ce ba.

4.0 Mai shagon ƙarau

A cikin The Alchemist akwai ƙaramin tauraro da ya kamata ɗalibin Hausa ya tsaya a kansa fiye da yadda marubucin ya tsaya. Mai shagon da Santiago ya yi wa aiki a Tanja Musulmi ne, burinsa tun ƙuruciya shi ne ya je Makka. Ya buɗe shago domin ya tara kuɗin tafiya, shekaru suka shuɗe, mahajjata suna wucewa ta ƙofarsa, shi bai tafi ba. Da yaron ya tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa tunanin Makka ne ke raya shi, yana tsoron idan ya je ba zai sami abin da zai ci gaba da rayuwa dominsa ba. Littafin ya ajiye shi a matsayin misalin wanda tsoro ya hana cika buri, wato madubin da Santiago zai duba ya ƙi zama irinsa.

To wannan mutum, in aka cire sunan gari, ai shi ne manomin riɗi da dawa na bakin Dindir wanda kakansa ya baro Katsina ko Haɗeja da niyyar hajji. Idan aka bi hukuncin Coelho, al'umma guda ce ta kasa. Amma hukuncin ya ginu ne a kan zaton cewa abin da ke tsakanin mutum da burinsa zuciyarsa ce kaɗai. Mahajjacin ƙasa ya san akwai kuɗin jirgi da takardar ƙetare iyaka da bashin da ya ci kafin kaka, ga iyali da ba a barinsu da yunwa. Haka kuma a fahimtarsa ta addini niyya tana da nata lada, kuma wanda ajali ya riska a hanyar Makka ba a lissafa shi cikin masu hasara. Abin da Yamba ya gani shi ne wannan niyya ta zama ginshiƙin da jama'a suka tsara zamansu a kai har tsawon zuriya uku ko huɗu. Coelho ya ari hamada da ayari da kalmar maktub daga Musulmi, amma ma'aunin nasara da ya yi amfani da shi na mai neman abin kansa ne shi kaɗai. Wannan shi ne babban raunin littafin, kuma daɗin salonsa yakan ɓoye shi ga mai karatun da ke gaggawa.

5.0 Mahaifiyar Umar

Shaihu Umar ma bai tsira ba idan aka ɗora shi a wannan ma'auni. Manazarta sun saba cewa babban jigonsa haƙuri ne da yarda da ƙaddara, bauta kuma ƙaramin jigo. Sai dai a duba a gani: wane mataki Umar ya ɗauka da kansa kafin ya girma? An sace shi, an tsince shi, an kama shi, an ba da shi, an kai shi makaranta. Duk aikatau ɗin da ke ɗauke da rayuwarsa wani ne ke aikata su a kansa. Ko da ɗalibi zai yi nazarin salon littafin ta fuskar nahawu kawai, wannan abin lura ne. Haƙurin da ake yaba masa haƙurin yaro ne da ya faɗa hannun mai kirki, kuma mai kirkin nan fataucin bayi yana cikin abin da ayarinsa ke yi. Littafin ya nuna wahalar bayi a hamada ba tare da ɓoyewa ba, amma bai sa Shaihin ya tsaya ya tambayi kansa da kuɗin me aka ciyar da shi har ya yi karatu ba.

Wadda ta yi tafiya da niyya ita ce mahaifiyarsa. Ita ta bar gida da ƙafarta domin neman ɗanta, ta bi labarinsa zuwa Kano, ta amince da Ado wanda ya yi mata alkawarin kai ta inda yaron yake, aka yaudare ta aka sayar, ta bi ta Murzuƙ ta ƙare a Tarabulus tana baiwa. Ta ga ɗanta a ƙarshe, ta rasu a wurin, ba ta koma gida ba. A tsarin littafin an mayar da ita ɗaya daga cikin jarrabawar da ta gina Shaihu. Amma wanda ya san tarihin takari zai ga cewa labarinta ne ya fi kama da abin da ya faru da dubban mutane a hanyar gabas: fita da kyakkyawar niyya, dogara ga ɗan rakiya, tsayawa a garin da ba a nufa ba, da kabari a baƙuwar ƙasa. Hanyarta ta arewa ce ta Fezzan, tasu ta gabas ce ta Darfur, amma yanayin ɗaya ne.

A nan ya kamata a yi wa Ɓalewa adalci. Yana malamin makaranta ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta littafin, kuma ya ba wannan mata shafuka masu yawa da harshe mai taɓa zuciya, abin da Coelho bai yi wa Fatima ba, budurwar da Santiago ya bari a zangon hamada tana jiransa. Fatima aikinta jira ne kawai. Mahaifiyar Umar kuwa tana yanke shawara tana kuskure tana kai ƙara, har ta kan sa mai karatu ya manta da cewa Shaihu ne ke ba da labarin. Wataƙila shi ya sa sassan da take ciki suka fi sauran rai, domin a nan ne nasiha ta ja baya labari ya tsaya da ƙafarsa.

6.0 Abin lura ga ɗalibi

Labaran gyaran kai suna buƙatar wanda ya tsira, saboda sai wanda ya dawo ne zai zauna a kan buzu ya ba da darasi. Don haka idan ɗalibi zai yi tarken irin wannan littafi, bayan ya fitar da jigo da warwararsa, yana da kyau ya lissafa taurarin da aka bari a hanya, ya duba laifin da marubuci ya ɗora musu da wanda ya ɗauke musu. Ana iya gwada wannan a kan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda su ma tafiya da dawowa ne ƙashin bayansu.

Batun kuma bai tsaya a tarihi ba. Rikicin da ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu a watan Yuli na 2022 ya raba Hausawa da yawa da gidajensu a yankin Damazin da Rusairis, kuma tushensa jayayya ce a kan ƙasa da sarauta, wato ko jikan mahajjaci ɗan gari ne ko baƙo. Bayan yaƙin da ya fara a Sudan a watan Afrilu na 2023, dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamba 2023, suka shiga Dindir a Yuli 2024, sojojin gwamnati suka karɓe garin a Oktoba na shekarar. Mutanen ƙauyukan da kakanninsu suka sauke kaya a can kimanin shekara 100 da suka wuce sun sake ɗaurawa, wasu suka nufi Gadarif, wasu Kasala, a kan hanyar da ke zuwa bakin Bahar Maliya.