Gafara Sa Daga Talabijin Har Silima

Gab da ƙarshen fim ɗin The X-Files na 1998, ƙanƙarar Antaktika ta tsage, wani jibgegen kumbo ya taso daga ƙarƙashinta har inuwarsa ta rufe fili. Fox Mulder na kwance yana kallonsa baki buɗe. Shekara biyar ke nan yana rantsuwa cewa akwai baƙi daga wata duniya, ana yi masa kallon mai taɓin hankali, yau ga abu ya fito fili tsirara. Mutum ɗaya tak ake buƙatar ta ɗaga kai ta gani, wato Dana Scully, likitar da hukumar FBI ta haɗa shi da ita tun farko don ta riƙa tantance zancensa da ma'aunin kimiyya. To ina take? Ga ta nan gefensa a galabaice, tsakanin suma da farkawa. Kafin ta dawo hayyacinta kumbo ya shige gajimare.

Duk wanda ya bi shirin ya san wannan wasan. A talabijin an sha yin sa: abin mamaki zai bayyana, Scully tana wani ɗaki, ko ta juya baya, ko ta iso bayan minti ɗaya. A can ana iya haƙuri, tunda kallon kyauta ne kuma sati mai zuwa na nan tafe. Amma a ce mutum ya bar gidansa, ya yanki tikiti, ya zauna awa biyu cikin duhu, sannan a sake yi masa dabarar da ake yi masa a falonsa kowane daren Lahadi? Wannan ita ce cutar da ke kama duk wani shirin maƙarƙashiya idan aka ɗauke shi zuwa silima. An ƙara girman allo, an ƙara kuɗi, an ƙara ƙarar fashewa, amsa kuwa tana nan inda aka ɓoye ta.

Chris Carter ya fara shirin a tashar Fox ranar 10 ga Satumba, 1993, kuma tun daga tushe ya gina shi a kan rashin yarda da gwamnati. Shi kansa ya sha faɗin yadda badaƙalar Watergate ta yi masa tasiri yana saurayi. Ya haɗa wannan da tsohon zancen faɗuwar kumbon baƙi a Roswell na 1947, ya kawo Mulder, jami'in da aka sace masa ƙanwa Samantha yana ɗan shekara 12, ya ajiye shi a wani ofis na ƙarƙashin ƙasa cike da fayilolin da kowa ya guje wa. Sannan ga wani dattijo da ke tsayawa a lungu yana zuƙar sigari ba ya cewa uffan, wanda William B. Davis ya fito a matsayinsa. Duk ƙarfin labarin yana cikin wannan shirun. Kowane sati a buɗe ƙofa ɗaya, a bayanta a tarar da ƙofofi biyu a kulle. Mutanen Amurka suka kamu, har kashin da aka nuna bayan wasan Super Bowl a Janairun 1997 ya tara masu kallo sama da miliyan 29.

Da shiri ya kai nan, ai dole masu kuɗi su fara hango silima. An ɗauki fim ɗin a hutun da ke tsakanin zango na 4 da na 5, a 1997, aka ajiye shi sai 19 ga Yuni, 1998. Ma'ana, marubuta sun shafe zango na 5 gaba ɗaya suna tuƙa labari zuwa tashar da aka riga aka gina, ba halin su tona wani abin kirki kar su ɓata wa fim kasuwa. Shi kuma fim ba halin ya tona komai, don zango na 6 na jiran sa a watan Nuwamba. Talabijin na cewa a jira silima, silima na cewa a koma talabijin. An daɗe ana gafara sa, mai kallo ya bi sawu har Antaktika, ƙaho dai bai gani ba.

Kuma ba wai ba a kashe kuɗi ba ne. Kimanin dala miliyan 66 aka zuba, Rob Bowman ya ba da umarni, aka ɗauko manyan 'yan wasa irin su Martin Landau, wanda bai daɗe da cin kyautar Oscar ba, da Armin Mueller-Stahl. Labari ya faro daga arewacin Texas shekara 35,000 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tsallako zuwa wani yaro da ya faɗa rami baƙin mai ya shige jikinsa, sai bam ya tashi da wani bene a Dallas, abin da ya tuna wa 'yan Amurka harin Oklahoma City na 1995. Daga nan sai gonar masara a tsakiyar daji da tsakar dare, sai wasu manyan rumfuna farare cike da ƙudan zuma, sai jirage masu saukar ungulu suna farautar mutum biyu a cikin kara. A ƙarshe har sahara a Tunisiya an leƙa. Wurare dai kamar takardar fasfon matuƙin jirgi.

To me aka ƙaru da shi? An ji cewa baƙin man nan ƙwayar cuta ce da ta riga ɗan Adam zama a doron ƙasa, cewa tana iya ƙyanƙyashe wata halitta a cikin jikin mutum, cewa wasu dattawan maƙarƙashiya masu taro a ɓoye suna haɗa kai da baƙin yayin da suke ƙoƙarin samar da rigakafi a asirce. Rabin wannan masoya shirin sun riga sun sani ko sun hasaso. Sauran rabin kuma ba a nuna shi ba, faɗar sa aka yi da baki, a bayan mota ko a lungun mashaya. Landau ya zo ya yi wa Mulder raɗa a kan hukumar agajin gaggawa ta FEMA, ya ɓace. Wani dattijo mai tsaf-tsaf daga cikin dattawan, wanda John Neville ya fito a matsayinsa, ya yi dogon jawabi, ya miƙa maganin rigakafi da kwatancen inda aka kai Scully bayan an sace ta, ya shiga mota ta tashi da shi. A duniyar The X-Files, duk wanda ya buɗe baki ya faɗi jimla uku masu ma'ana, to a fara haƙa kabarinsa.

Ga kuma matsalar baƙo da ɗan gida. Fim mai cin dala miliyan 66 ba zai dogara da masoya kaɗai ba, dole a jawo wanda bai taɓa ganin kashi ɗaya ba. Maganin da aka samo shi ne a zaunar da Mulder a mashaya, a bugar da shi, ya karanto wa mai sayar da giya tarihin rayuwarsa cikin minti ɗaya. Ɗan gida yana hamma don ya san zancen, baƙo yana sosa ƙeya don bai san wane ne mai sigarin nan ba, balle samarin nan uku da suka leƙo asibiti suka fice. Bayan ya fito daga mashayar, Mulder ya tsaya a lungu yana fitsari kusa da hoton tallar Independence Day. Tsokana ce mai daɗi, an yarda. Sai dai wancan fim ɗin na 1996, duk da shirmensa, ya yi alkawarin baƙi za su zo, suka zo, suka tarwatsa fadar White House, aka yi yaƙi, aka gama, kowa ya kama hanyar gida. Mai fitsarin fa?

Ko soyayyar ma haka aka yi mata. Shekara biyar masu kallo na jiran Mulder da Scully su daina ɓoye-ɓoye. Aka kai su wani siririn baranda, ya gaya mata abin da ke ransa, suka matso da fuska, sai ƙudan zuma ɗaya da ya maƙale a wuyan rigarta tun daga gonar masara ya zaɓi wannan daƙiƙar ya harbe ta. Ƙudan nan ya shiga jirgi, ya halarci zaman kwamitin bincike a Washington, bai motsa ba sai yanzu. Ta leƙo ta koma. Da a ce za a yi wa fim ɗin tambari na gaskiya, hoton wannan ƙudan ya kamata a manna.

A yi adalci: fim ɗin ya ci kasuwa, ya tara kusan dala miliyan 189 a duniya, fashewar Dallas da ruftawar ƙanƙara sun cika ido, kuma kiɗan Mark Snow bai taɓa ba da kunya ba. Shi ke nan adalcin.

Abin da ya fi ciwo ya zo ne bayan an kunna fitilun silima. Fim bai ma damu ya nuna yadda mutum biyu da aka bari a tsakiyar ƙanƙara suka dawo Washington ba. Da zango na 6 ya buɗe, sai ga Mulder gaban kwamiti yana ba da labarin kumbo, Scully kuma ba ta da hujjar da za ta mara masa baya. An koma gidan jiya. Manyan abubuwan da ya kamata a ce an gani a silima sai a talabijin suka faru, kyauta: an ƙone dattawan maƙarƙashiyar a farkon 1999, an rufe zancen Samantha a 2000. Wanda ya tsallake fim ɗin ya ci gaba da kallon shirinsa bai yi asarar da ta wuce sanin dalilin da ya sa ake ta maganar Antaktika ba. Masu kallon finafinan Hausa na zamanin kaset sun san takaicin a kai ka tsakiyar rikici a ce sai kashi na biyu, amma su aƙalla kashi na biyun yakan warware rikicin.

Shekara goma bayan fim na farko aka gwada ɗaya hanyar. Shirin ya riga ya tsaya a watan Mayun 2002 bayan zango tara, kuma kashin ƙarshe ya bar wa masu kallo kwanan wata: 22 ga Disamba, 2012, ranar da baƙin za su mamaye duniya. Duk mai hankali zai ɗauka fim na biyu zai nufi wannan ranar. Ina! I Want to Believe, wanda Carter ya ba da umarni da kansa, ya fito ranar 25 ga Yuli, 2008, babu baƙo ko ɗaya a ciki, babu mai sigari, babu baƙin mai. Abin da aka samu shi ne Mulder da gemu yana ɓuya a wani gida, Scully tana jinyar yaro a asibitin Katolika, Billy Connolly a matsayin tuɓaɓɓen limamin coci mai mugun tarihi da ke gane-gane, da wasu Rashawa masu dasa kan mutum a jikin wani. Labari ne da zai yi kyau a minti 45, aka ja shi kamar ƙosai ya ƙi soyuwa. Sannan aka sake shi sati ɗaya bayan The Dark Knight, fim mai cike da dusar ƙanƙara a tsakiyar zafin Yuli. An kashe kusan dala miliyan 30, ya dawo da kusan miliyan 68, zancen fim na uku ya kwanta.

Masu kare shi suna cewa ai kashi-kashin da suka fi daɗi a shirin su ne waɗanda ba ruwansu da maƙarƙashiya. Gaskiya ne. Eugene Tooms mai matse jikinsa ya bi ta bututu, da dattijon nan mai sayar da inshora da ke ganin yadda kowa zai mutu, wanda ya jawo wa Peter Boyle da marubuci Darin Morgan kyautar Emmy, duk sun fi zama a rai a kan dogon zancen mamaya. Amma daɗinsu a gajartarsu yake, da kuma sanin cewa akwai wani sati mai zuwa. Fim na farko ya ɗauki babban labari ya ƙi ƙarasa shi, na biyu ya ajiye babban labarin ya ɗauko ƙarami ya hura masa iska. Ta ko'ina aka ɓullo, mai tikiti ne a ƙasa.

Ba kowane shiri ne ke faɗawa wannan ramin ba. Star Trek ya shiga silima tun 1979 ya zauna daram, domin jirgi da ma'aikatansa kawai ake buƙata, kowace tafiya da farkonta da ƙarshenta. Serenity na 2005 ya ɗauki Firefly da aka soke, ya tona babban sirrinsa, ya kashe jarumai biyu, ya rufe ƙofa, tunda ba wani zango da ke jira. Shirin maƙarƙashiya da ke raye ba shi da wannan 'yancin. Sirrin nan shi ne jarinsa, kuma ba ɗan kasuwar da zai cinye jarinsa a rana ɗaya don ya burge 'yan kallo. Carter ya fahimci haka sarai. Laifinsa shi ne da ya karɓi kuɗin tikiti alhali ya san ba zai taɓa jarin ba.

Ranar 22 ga Disamba, 2012 ta zo, Asabar ce, ta wuce babu baƙi babu fim. Da shirin ya dawo talabijin a Janairun 2016 da kashi shida, tun a kashin farko aka shaida wa Mulder cewa wataƙila duk zancen mamayar nan ƙura ce aka tayar masa, mutane ne 'yan uwansa suke amfani da fasahar da suka tsinta a Roswell. To kumbon Antaktika fa, na waye? Ba wanda ya tanka.

A kashin ƙarshe na wannan zangon, annoba ta game ƙasa, motoci sun cunkushe a kan gada, Scully na tsaye kan Mulder da ke gab da mutuwa, sai wani jirgi ya tsaya cak a samansu ya haske ta. Ta ɗaga kai, idonta biyu, lafiyarta ƙalau, ta ƙura masa ido. Shekara 18 bayan Antaktika, ta dai gani. Aka jira kusan shekara biyu, zango na 11 ya buɗe ranar 3 ga Janairu, 2018, aka tarar da ita a sume a ƙasan ofis, aka ce duk abin da ya faru a kan gadar nan a cikin kanta ya faru.