Anar: Faifan Mdou Moctar da Ake Yi wa Kallon Hadarin Kaji

A wannan fitowa mun ɗan kauce wa al'adar wannan fili ta nazarin littattafai, mun ɗauko faifan waƙa. Dalilinmu shi ne waƙa ma adabi ce, kuma labarin wannan faifai yana da darasin da ya shafi duk mai riƙe da alƙalami, musamman matasan marubutanmu na Batsari da Safana da ƙauyukan da ke kewaye da su, waɗanda kullum kukansu shi ne rashin maɗaba'a da rashin kuɗin bugu. Faifan shi ne Anar, na mawaƙin nan kuma makaɗin jita na Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar.

Wane ne Mdou Moctar?

Ba-abzine ne daga jihar Tawa, daga baya ya yi zamansa a Agadas. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko shi ya ƙera abarsa da katako da wayar birkin keke, domin gidansu ba su yarda da harkar kiɗa ba. Wanda ya fara jan hankalinsa ga wannan sana'a shi ne marigayi Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan jita na Abzinawa, kiɗan da su da kansu suke kira assouf, wato kewa ko bege.

A yau sunansa ya kai inda bai taɓa zato ba. Faifansa Ilana na 2019 a birnin Ditiroit na Amurka aka ɗauke shi. Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 kuwa kamfanin Matador ne ya fitar da su, kamfanin da ya yi suna wajen kiɗan rok irin na waɗanda ba sa bin ra'ayin manyan kamfanoni. Masu sharhi a Turai da Amurka sun sha kwatanta shi da Jimi Hendrix saboda yadda yake sa jitar lantarki ta yi ruri. Amma idan suka zo kan faifansa na farko, sai su taƙaita a layi ɗaya ko biyu: wai wani abin ban mamaki ne da ya yi yana saurayi, da ganguna na inji da murya ta na'ura, kafin ya gano ainihin hanyarsa. Wannan hukunci ne muke ganin akwai gyara a cikinsa.

Yadda aka haifi faifan

A shekarar 2008 Mdou Moctar ya ƙetaro iyaka ya zo Sakkwato, inda aka ɗauki Anar. Ga wanda ya san ƙasar, ba abin mamaki ba ne. Daga Tawa zuwa Birnin Ƙonni, daga Ƙonni zuwa Illela, daga nan sai Sakkwato. Hanya ce da kakanninmu da nasa suka daɗe suna bi, su kawo gishiri da dabino da raƙuma, su koma da gero da tufafi. A Agadas ma Hausa ce harshen kasuwa.

Abin da ya tarar a situdiyo shi ne kayan aikin waƙoƙin finafinan Hausa na wancan zamani: fiyano mai ganguna a cikinta, da kwamfuta, da kuma manhajar Auto-Tune. Wannan manhaja wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, ya ƙirƙiro ta a 1997 don gyara wa mawaƙi murya idan ta kauce, kuma waƙar Believe ta Cher ta 1998 ce ta fara nuna wa duniya yadda take sauya murya idan aka tsananta ta. Masu situdiyon Kano da Kaduna da Sakkwato sun karɓe ta hannu bibbiyu, har ta zama tambarin waƙoƙin fim. Shi kuma baƙon ya zo da jitarsa da waƙoƙinsa na soyayya cikin harshen Tamashek. Haɗuwar waɗannan biyu ita ce Anar.

Faifan bai shiga kanti ba, babu kamfanin da ya yi masa talla. Daga memori zuwa memori, daga waya zuwa waya ta bulutut ya riƙa tafiya, har ya ratsa Nijar ya kai arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke mai tattara kiɗe-kiɗe, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar Tahoultine a wayoyin jama'a, ya sa ta cikin tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones a 2011, ya kuma shiga neman mai ita. Sai a 2014 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya buga Anar a faifan garmaho, shekara 6 bayan ɗaukarsa.

Jigo da salo

Jigon faifan shi ne so da kewa da rabuwa. Mai saurare ko da bai ji Tamashek ba, zai gane haka daga yadda muryar take hawa a hankali ta sauko kamar mai ajiyar zuciya. Nan ne muke ganin armashinsa na farko: kamun kai. A faifan baya-bayan nan jita ce sarauniya, takan yi minti biyu ko uku tana gudu ita kaɗai, ganguna na bin ta a sukwane. A Anar kuwa jita baiwar waƙa ce. Takan kama ɗan gajeren zubi ta yi ta maimaita shi, kamar yadda marigayi Ɗanmaraya Jos yake yi da kuntiginsa ko Haruna Uji da gurminsa, ta bar wa murya fili. Wanda ya tashi da jin garaya da molo a gefen dajin Rugu ba zai ji wannan tsari baƙo a kunnensa ba. Maimaici a irin wannan kiɗa shimfiɗa ce ake yi wa magana, kuma duk ɗan sauyin da makaɗi ya shigar yakan fito fili saboda kunne ya riga ya zauna.

Armashi na biyu shi ne abin da ake kushe faifan da shi, wato muryar na'ura. Yana da kyau mai karatu ya san yadda abin yake aiki. Mawaƙin Abzin, kamar na Hausa, ba ya tsalle daga wannan gaɓar sauti zuwa waccan kai tsaye. Yakan ja murya, ya lanƙwasa ta, ya bi ta tsakanin gaɓoɓi. Ita kuwa Auto-Tune aikinta shi ne ta fizgo kowane sauti zuwa gaɓa mafi kusa. Idan aka ƙure saurinta, sai wannan lanƙwasa ta koma 'yan matakala masu karkarwa. A bakin mawaƙin da muryarsa a miƙe take, abin ba ya haifar da komai sai ƙarar ƙarfe. A bakin mai yawan lanƙwasa kuwa, sai muryar ta koma kamar sarewa ko algaita, ko kuma imzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da matan Abzinawa suke kaɗawa. Saurari waƙar Anar kanta, wadda faifan ya ci sunanta, ko Tahoultine: karkarwar ba ta ɓoye kewar ba, ƙara mata nisa ta yi, kamar kiran da ke zuwa daga bayan tudu. Ma'aikatan situdiyonmu sun daɗe da gano wannan sirri a waƙoƙin fim, tun kafin wani masani ya rubuta shi.

Armashi na uku shi ne cewa faifan ya san masu saurarensa. An yi shi ne don ƙaramar lasifikar waya, wadda ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Murya siririya mai kaifi da ɗan bugun ganga mai tsafta su ne ke tsira a irin wannan lasifika, a tasha ko a bakin rijiya ko a wajen kiwo. Faifan Afrique Victime yana buƙatar manyan lasifiku kafin a ji daɗinsa sosai; Anar kuwa ƙaramar waya mai arha ta ishe shi. A wurinmu wannan gwaninta ce, domin mai fasaha na gari yakan auna tukunyar da zai yi girki a cikinta.

Inda ya gaza

Ba za mu yi tuya mu manta da albasa ba. Gangar inji ba ta numfashi. Tende, wato turmin da matan Abzinawa ke rufe wa baki da fata su kaɗa, yana saurin tafiya ya kuma lafa gwargwadon zafin taro, haka ma kalangu a hannun gwani. Ganga ta cikin fiyano kuwa yadda ta fara haka za ta ƙare, kuma idan aka saurari faifan a zama ɗaya, waƙoƙin sukan soma kama da juna. Akwai kuma wuraren da na'urar ta yi wa murya yawa har haruffa suka narke. Bugu da ƙari, wanda ya zo neman zafin siyasa irin na Afrique Victime, inda mawaƙin ya fito fili ya soki abin da Faransa ta yi wa Afirka, ba zai same shi a nan ba. Duk da haka, waɗannan nakasu ne na kayan aiki da ƙuruciya. Ginin waƙoƙin yana da ƙwari, shi ya sa da ya sake rera wasunsu daga baya ba tare da na'ura ba, suka tsaya da ƙafafunsu.

Me ya sa aka raina shi?

A ganinmu raini biyu ne suka haɗu a kansa. Na farko na waje ne. Tun da ƙungiyar Tinariwen ta ci kyautar Grammy a 2012, kasuwar Turai ta riga ta yanka wa makaɗin hamada riga: rawani, jitar lantarki, da labarin tawaye. Saurayi mai waƙar soyayya da kayan situdiyon finafinan Hausa bai dace da wannan riga ba, don haka aka ajiye faifan a matsayin abin ban sha'awa kawai.

Raini na biyu namu ne, kuma shi ya fi ciwo. Mun daɗe muna kiran irin wannan sauti "kiɗan fiyano" ko "nanaye" da baki a taɓe, muna cewa ba shi da asali, kwaikwayon Indiya ne. Ba mu zauna mun tambayi kanmu abin da yaran situdiyon nan suka ƙirƙiro ba, alhali sautin da suka haɗa ya ƙetare iyaka har mawaƙan wani harshe suna zuwa aro. Shi Kirkley ɗin nan dai shi ne ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya fitar da su a 2013 da sunan Harafin So. Idan ana ba da labarin Anar, sunan mawaƙi da na wanda ya buga shi a Amurka ake ambata, ba kasafai ake tuna hannayen da suka zauna gaban kwamfuta a Sakkwato ba. Laifin wa ke nan? Wanda bai rubuta tarihin gidansu ba, ba shi da bakin ƙorafi idan baƙo ya rubuta.

Membobin wannan ƙungiya sun san irin wannan labari. A shekarun 1990 an yi zazzafar muhawara a jaridu kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, inda su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya wa marubutan. An kushe takarda, an kushe bugu, an kushe jigon soyayya. Amma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga gidajen da littattafan manyan kamfanoni ba su taɓa leƙawa ba, kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Masu suka sun faɗi gaskiya a wurare da dama, kamar yadda mu ma muka faɗi nakasun Anar. Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne a dubi arhar mazubi a yanke wa abin da ke ciki hukunci.

Darasi ga marubutanmu

Mutanen Batsari da Safana ba sa buƙatar a yi musu bayanin yadda fasaha ke tafiya ba tare da babbar hanya ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da waɗannan biyu, aka yi watanni a haka. Waya ta daina kira, amma memori bai daina aiki ba. Karatun malamai da waƙoƙi da finafinai sun ci gaba da zagayawa daga hannu zuwa hannu da kuma rumfunan masu turi, ta hanyar nan dai da Anar ya bi ya ratsa hamada. Matashin da ke Ruma ko Runka, wanda ya ga abin da ƙauyukansu suka gani a 'yan shekarun nan, yana da labarin da babu wani marubuci a Kano ko Abuja da zai iya ba da shi kamarsa. Idan ya ce sai ya sami maɗaba'a da edita da kuɗin bugu zai fara, to labarin zai tsufa a cikinsa. Ya rubuta a littafin makaranta, ya buga a waya, ya karanta da muryarsa ya tura wa abokai. Sai dai ya lura: abin da ya ɗauki Tahoultine daga Sakkwato zuwa Mali shi ne kyawunta, domin babu mai cika memorinsa da abin da ba ya so. Ƙarancin kayan aiki uzuri ne ga rashin ƙyalli, amma ba ya zama uzuri ga sakaci.

Muna kuma kira ga manazartanmu da su faɗaɗa tabarma. Mun yi wa Mamman Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo hidima gwargwadon hali, kuma sun cancanta. Lokaci ya yi da za a shiga situdiyoyin Sakkwato da Kano da Katsina da Maraɗi, a zauna da masu haɗa sauti, a rubuta sunayensu da dabarunsu tun suna raye.

Shawararmu ga mai karatu ita ce ya nemi Anar ya saurara da daddare, a ƙaramar waya, sannan ya bi shi da Afrique Victime. Zai ji makaɗi ɗaya a matakai biyu na rayuwarsa, kuma muna kyautata zaton zai yarda da mu cewa na farkon ba share fage ba ne kawai, aiki ne cikakke wanda ƙasar Hausa ke da kaso a cikinsa. Wanda ya ga saɓanin haka, filin nan a buɗe yake gare shi a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.