Takwarori a Littafi da a Fada: Nazari a kan Fannin Rarrabe Masu Suna Ɗaya

Sanannen abu ne ga duk wanda ya taɓa buɗe littattafan tarihin malamai, ko ya zauna ya saurari jerin sarakunan wata masarauta daga bakin maroƙa, cewa sunayen da Musulmi suke raɗa wa 'ya'yansu kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada su da yawan masu amsa su; domin tun daga zamanin Sahabbai har ya zuwa yau iyaye ba su gushe ba suna komawa ga Muhammadu da Ahmadu da Abdullahi da Abubakar da Umaru da Usmanu da Aliyu, suna neman tabarruki da waɗanda suka fara ɗaukar sunayen, har ya zamana a gari guda, a ƙarni guda, a kan sami malamai da dama masu suna ɗaya, waɗanda ubanninsu ma sunansu ɗaya ne. Al'adar kyakkyawa ce, amma ta jawo wa ma'abuta ilmi mushkila mai girma, kuma daga wannan mushkila ce wani fanni na musamman ya tsiro, wanda malaman hadisi suka kira Muttafiƙ wal Muftariƙ, inda ake bin diddigin mutanen da suna ya haɗa su alhali kowa da zatinsa.

Littattafan da aka wallafa a kan takwarori iri biyu ne, kuma ba daraja ɗaya gare su ba. Iri na farko na tattarawa ne don girmama sunan. Imamu Buhari a Tarihinsa Babba, da Haɗibul Bagadadi a Tarihin Bagadaza, da Safadi a cikin Alwafi bil Wafayati, duk sun saɓa wa tsarin haruffa suka fara da masu suna Muhammadu, don ladabi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Alƙifɗi kuwa, wanda ya rasu a 646 bayan Hijira, ya keɓe littafi sukutum ga mawaƙa masu wannan suna kaɗai. Karanta irin wannan yana da daɗi, sai dai a ganina fa'idarsa ba ta wuce ta ajiya ba, domin mawaƙin Bagadaza da na Andalus da suka haɗu a shafi ɗaya saboda sunan yanka, ba zamani ya haɗa su ba, ba malami ba, ba salon waƙa ba, mai karatu kuwa yakan tashi bai san abin da ya ƙaru da shi ba face yawan adadi.

Iri na biyu shi ne na rarrabewa, kuma larura ce ta haife shi. Hadisi yana tsayuwa ne a kan isnadi, isnadi kuwa jerin sunayen mutane ne, kowane ɗaya da hukuncinsa wajen masu tantance maruwaita. Idan aka ɗauki mai rauni aka zaci amintacce ne don sunansu ya dace, to, an inganta abin da bai inganta ba, idan kuma aka juya, an yar da sunna tabbatacciya. Saboda haka Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a 463, ya wallafa babban littafi da sunan fannin, Ibnus Salahi kuma, wanda ya rasu a 643, ya taƙaita ƙa'idojinsa a cikin Muƙaddimarsa, inda ya ƙirga mutum shida da ake kira Halilu ɗan Ahmadu, na farkonsu shi ne malamin Sibawaihi wanda ya fitar da ilmin aruli.

Misalin da ya fi nuna zurfin aikinsu shi ne na Hammadu biyu. Hammadu ɗan Salama, wanda ya rasu a 167, da Hammadu ɗan Zaidu, wanda ya rasu a 179, dukkansu mutanen Basra ne, sun yi tarayya a malamai irin su Sabitul Bunani da Ayyubas Sahtiyani, sun kuma yi tarayya a almajirai da yawa. Ga shi kuwa marawaici yakan ce Hammadu ya ba mu labari, ya wuce, bai ambaci uba ba, domin shi ya san wanda yake nufi, bai kuma yi tsammanin za a zo bayan shekara ɗari ana tambaya ba. Bambancin ba ƙarami ba ne, tun da Buhari ya dogara da ɗan Zaidu a cikin Sahihinsa, bai kuwa dogara da ɗan Salama haka ba. To, sai malamai suka koma ga almajiran, suka duba wa ya lizimci wa, har suka tsai da cewa idan Sulaimanu ɗan Harbu ne ya saki sunan, ɗan Zaidu yake nufi, idan kuwa Musa ɗan Isma'ila Attabuzaki ne, to ɗan Salama ne. Haka suka yi wa Sufyanu biyu, Assauri da Ibnu Uyaina. Ma'auninsu a ko'ina huɗu ne, malami da almajiri da gari da shekarar wafati, kuma har yau ban ga wani mai binciken tarihi ya zo da abin da ya fi su ba.

Wannan mas'ala ba ta tsaya a Basra da Bagadaza ba, tana nan zaune a zaurukan karatunmu. Duk almajirin da ya kai ga Muhtasar na Shehu Halilu ya san cewa musannifin ya keɓe wasu lafuzza ga malamai huɗu, Lahmi da Ibnu Yunusa da Maziri da Ibnu Rushdin, kuma wannan Ibnu Rushdin shi ne kaka, mai Albayanu wat Tahsil da Almuƙaddimat, wanda ya rasu a 520. A wannan shekarar ce aka haifi jikansa, aka mayar masa da sunan kakan, ya tashi shi ma Abul Walidi, shi ma Muhammadu ɗan Ahmadu, shi ma Bamalike, shi ma daga baya ya riƙe alƙalancin Ƙurɗuba; ashe alkunya da suna da sunan uba da gari da mazhaba da muƙami duk sun dace, ba abin da ya rage sai a ce kaka ko jika. Jikan shi ne mai Bidayatul Mujtahid, shi ne likita kuma mai sharhin littattafan Aristo, wanda ya mayar wa Gazali martani a kan falsafa, aka kore shi daga Ƙurɗuba a ƙarshen rayuwarsa, aka ƙone wasu littattafansa, ya rasu a Marrakish a 595. Abin mamaki shi ne kowane ɓangare na duniya ya riƙe ɗaya ya manta da ɗaya: Turawa idan sun ce Ibnu Rushdin jikan suke nufi, ba su damu da kakan ba, malaman fiƙihunmu kuwa idan sun saki sunan kakan suke nufi. Saboda haka ɗan boko da malamin zaure suna iya shafe yini suna musu a kan ko Ibnu Rushdin abin dogaro ne a fatawa, kowannensu yana da gaskiya, alhali ba a kan mutum ɗaya suke magana ba.

Kusa da wannan akwai Ibnul Arabi biyu, dukkansu Andalusawa: Alƙali Abubakar na Ishbiliya, mai Ahkamul Ƙur'an, wanda ya rasu a 543 aka binne shi a Fas, da Muhyiddini, babban sufi mai Futuhatul Makkiyya, wanda ya rasu a Dimashƙa a 638, har malaman gabas suka yi dabarar cire alif da lam daga sunan na biyu, dabarar da alƙalamin mai kwafe littafi yake iya rushewa cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma Ibnu Hajarin biyu, kowanne Ahmadu, kowanne Shihabuddini, kowanne Bashafi'e, Asƙalani mai Fathul Bari wanda ya rasu a 852, da Haitami mufti na Makka wanda ya zo bayansa da fiye da ƙarni guda, kuma ba sau ɗaya ba a kan ji mai wa'azi ya jingina fatawar na biyu ga na farko. A nan ne ake ganin wata ɗabi'a ta wannan ruɗani wadda ta cancanci lura: kuskuren ba ya tafiya ta kowace fuska daidai, kullum yana gangarawa ne zuwa ga wanda ya fi shahara, sai babban suna ya haɗiye aikin ƙaramin, ya kuma ɗauki laifin da ba nasa ba. Wuri ɗaya da na sani takwarantaka ta zama alheri tsantsa shi ne tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu da azumi, inda Jalaluddinil Mahalli ya yi daga Kahfi zuwa ƙarshe ya rasu a 864, Jalaluddinis Suyuɗi ya cika sauran a kan salonsa, har mai sauraro ba ya jin inda hannu ya sauya.

A iya sanina Hausawa ba su wallafa littafi a wannan fanni ba, amma sun yi nasu tanadi a baka, domin sun san kama da wane ba wane ba ce. Kunyar ambaton sunan babba ta taimaka ƙwarai: yaron da aka mayar wa sunan kakansa ya zama Abba ko Baba, Usmanu ya zama Shehu, Abdullahi ya zama Maikano, Muhammadu kuwa ba a barinsa shi kaɗai sai an rataya masa Sani ko Inuwa ko Sanusi ko Buhari. A fada lamarin ya fi tsari. Sarakunan Kano na Haɓe masu suna Muhammadu suna da yawa, amma ba wanda yake ruɗa Rumfa da Kisoke, ko Zaki da Nazaki, ko Sharefa da Kumbari, domin laƙabi ya tsaya a madadin suna. A zamanin Fulani kuma aka riƙa kiran sarki bayan rasuwarsa da wurin da ya kwanta dama, aka sami Usmanu Maje Ringim da Abdullahi Maje Ƙarofi da Abbas Maje Nasarawa, wanda idan aka duba da kyau shi ne ma'aunin gari da na wafati na malaman hadisi, an dunƙule su a kalma biyu.

Lambar da aka shigo da ita daga baya, ta wane na Ɗaya da wane na Biyu, tana da amfani ga ɗan makaranta mai haddar jeri, amma ba ta ɗauke da labari, wani lokaci ma tana ɓoye shi. Wanda ya karanta cewa Attahiru na Ɗaya ya yi sarautar Musulmi, Attahiru na Biyu ya biyo shi, zai zaci gado ne aka yi cikin lumana kamar kowane gado. Alhali kuwa a 1903 Miladiyya mutanen biyu suna raye a lokaci guda, kowanne ana kiransa Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru: ɗan Ahmadu, jikan Atiku, ya fita daga Sakkwato da jama'arsa da niyyar hijira zuwa gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli, ɗan Aliyu Babba kuwa, jikan Bello, Turawa sun riga sun naɗa shi tun watan Maris, ya zauna har 1915. Sakkwatawa da suke cewa Attahiru Ahmadu da Attahiru Alu sun fi lambar bayani, domin sun nuna gida biyu ne, na Atiku da na Bello. Haka nan sunan Muhammadu Bello, wanda mutum uku manya suka ɗauka cikin ƙarni guda: Sarkin Musulmi ɗan Shehu, mai Infaƙul Maisuri, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837 aka binne shi a Wurno; da Sarkin Kano wanda rasuwarsa a 1893 ta buɗe ƙofar Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa; da ɗan Attahiru Ahmadu, wanda ya tsira daga Burmi ya kai ragowar muhajirai Sudan, inda garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu yake amsa laƙabinsa na Mai Wurno har yanzu, laƙabin da shi ma aronsa ya yi daga takwaransa na farko.

Sai dai kada a ɗauka laƙabi yana warware komai, domin shi ma ana gadonsa tare da sunan, kamar yadda misalin Mai Wurno ya nuna. Aliyu Babba biyu ne, Sarkin Musulmi ɗan Bello wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, da jikansa ta wajen uwa, Sarkin Kano Alu Maisango, wanda ya ci nasarar Basasa. Wannan Alu na Kano kuma yana da wani takwara da ƙaddara ta bi da su hanya ɗaya ta yadda ko ƙa'idar Maje ba za ta raba su ba: a shekarar 1903 da Alu ya rasa gadon Kano, a cikinta Aliyu ɗan Sidi ya hau gadon Zazzau, dukkansu sarakuna ne malamai masu alƙalami, dukkansu Turawa ne suka raba su da sarauta, dukkansu Lokoja aka kai su, can kuma suka cika, Alu na Kano a 1926, ɗan Sidi kafinsa da 'yan shekaru. Idan aka tsinci tsohuwar takarda ta ajami a cikin gafakar wani malami, an rubuta a ƙarshenta cewa ta Sarki Aliyu ce wanda ya rasu a Lokoja, mai bincike ba shi da mafita sai ya koma ga hanyar da aka bi wa Hammadu biyu, ya tambayi wa ya kwafe ta, daga hannun wa ya karɓa, a wane gari, sa'an nan ya duba karin harshen ko na Kano ne ko na Zazzau, ya gwada ma'auninta da na Tabarƙoƙo da sauran waƙoƙin da suka tabbata na ɗan Sidi ne.